Tayoyin Malam a Kan Rufin Kwano

Anti Laraba, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara don girman Allah, kuma ki yi haƙuri da rubutuna, aji shida na tsaya sai Islamiyya. Na san filinki na zaman aure ne da tarbiyya, ni kuwa maganar tayar mota na kawo. In kin daure kin karanta har ƙarshe za ki ga dalili.

Ranar Talatar da ta wuce na fito da sassafe zan tafi ɗaukar madara, na tarar tayar baya ta kwanta a ƙofar gida. Na aika aka kira Mati mai faci. Tun maigidana yana raye shi ke duba mana ƙafafun mota, amma kullum a rumfarsa ta bakin tasha, rabonsa da gidanmu tun ranar gaisuwa. Ya zo ya durƙusa ya kafa jak, ya ɗago kai zai share gumi, sai na ga ya tsaya cak yana kallon saman ɗakina. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, "Hajiya, waɗancan tayoyi huɗun da ke kan kwano, wa ya ɗora su?" Na ce ni na sa aka ɗora. Ya saki sifana, ya zauna daɓas a ƙasa, ya riƙe kai yana salati. A nan na gane cewa shekara guda ke nan ina danne rufin ɗakina da sababbin tayoyi fil, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba.

Bari in koma baya. Maigidana, kowa Malam yake ce masa, sana'arsa ɗaukar madara. Kullum bayan asuba sai ya bi rugagen da ke hanyar Dutsi, ya cika jarkoki, ya kawo wa masu yin kindirmo a cikin Daura kafin rana ta take. Motar tsohuwa ce mai dogon baya, shi ya sa mata suna Goɗiya. Mutum ne mai son tuƙi, Allah Ya jiƙan shi. Ba ya sa mata taya sai mai laushin nan da ke kama kwalta kamar danƙo, wai yana son in ya karya kwana ya ji motar ta bi hannunsa. Irin wannan kuwa ba ta jimawa take suɗewa. Ina tsokanarsa ina cewa Goɗiya ta fi ni samun sabon takalmi, shi kuma ya ce ai ita ba ta tsaya zaɓen kala.

Wata shida kafin ya kwanta ciwo, sai ya tsiro da koya mini mota. Bayan la'asar sai ya kai ni filin idi, ya ce in zauna a mazauninsa. Ranar farko na bi ta kan tarin karan wani bawan Allah, Malam ya yi dariya har da hawaye, ya sauka ya tattara karan da hannunsa ya ba mai shi haƙuri. Na tambaye shi me zan yi da tuƙi ni da ko kasuwa ba na zuwa. Ya ce ilimi ba ya yawa. Ban kawo komai a raina ba. Ashe shi ya riga ya ji abin da likita ya ce game da hantarsa.

Ya rasu cikin bazarar bara. Ina wata na biyu a takaba aka yi hadarin farko da la'asar, iska ta taso ta fara ɗaga kwanon ɗakina kamar ana buɗe murfin tukunya. Yara suna kuka, surukata tana kabbara. Maƙwabcinmu Nagoggo ya yi sallama daga zaure ya ce a ba shi abu mai nauyi. Ni kuma daga bayan ƙofa na ce akwai tayoyi a sito, an rufe su da buhuna. Na sha ganin tarin, ban taɓa ɗaga buhun ba, na ɗauka tsofaffi ne, don Malam ba ya yar da komai, har murfin kwalba ajiyewa yake. Nagoggo falken shanu ne. Daga tafiyar saniya zai gaya miki shekarunta, amma taya a wurinsa baƙar roba ce kawai. Shi da ƙannensa suka haye suka ɗora, kwano ya lafa. Har ya dawo yana yabawa, wai Malam ko tarkacensa ma mai nagarta ne. Da aka zo rabon gado gaban alƙali ba wanda ya tuna da su, sun zama kamar wani sashe na rufin.

Motar ta faɗo a rabona da na yarana uku, tumunin takabata yana ciki. Wan Malam, Yaya Jafaru, shi ne wakilin dukiyar marayun. Da na fita takaba na ce masa ina so in ci gaba da ɗaukar madarar da kaina. Ya ce in gwada. Anti Laraba, ban san akwai daɗi irin wannan a duniya ba. Ki fito da sanyin safiya, hanya ba kowa sai makiyaya, ki ji injin yana amsa miki. Matan ruga sun sa mini suna Direba. Akwai wata Yelwa, tsohuwar mai ba Malam madara, ranar da ta fara ganina a sitiyari da hijabina sai da ta sauke ƙwaryarta ta yi guɗa. Yanzu kullum sai ta ajiye mini man shanu a ɗan gwangwani, wai in riƙa shafa wa hannu kada sitiyari ya yi mini kanta. Yarana sun koma makaranta da cikinsu a ƙoshe, ban miƙa wa kowa hannu ba.

Amma akwai abin da ya daɗe yana cin raina. Wasu a dangi suna cewa da Malam yana raye ba zai so a ga matarsa a kan titi ba, koyarwar filin idi wasa ne kawai na miji da mata. Wani lokaci ina cikin tuƙi sai in ji kamar ina saɓa masa.

To ki ji abin da Mati ya faɗa mini yana zaune a ƙasan nan. Ya ce wata biyu kafin Malam ya kwanta, marigayin ya je rumfarsa ya ce ya raka shi Kano sayen taya. Suka je, mai shago ya fito da irin mai laushin da ya saba saye, Malam ya ce a mayar. Rabin yini suka yi yana durƙusawa yana karanta rubutun gefen tayoyi, har Mati ya gaji ya ce masa ko aure ma ba a yi masa wannan bincike. Sai Malam ya ce, "Ba tawa ba ce, Mati. Wadda za ta hau ba ta iya kwance taya ba. Ina son wadda ba za ta yashe ta a daji ba, kuma in ta taka birki ta tsaya." Ya ce a bari sai na jikin motar sun ƙare tukuna a sa. Mati ya ce shi duk zatonsa an sayar da su a rabon gado, kuma ya ji nauyin ya tambayi mai takaba zancen taya.

Wallahi Anti, dariya da kuka suka haɗe mini a ƙofar gida har mutane suka fara tsayawa. Ashe ya sani. Ashe shi ya shirya mini hanyar nan. Tun ranar Talata nake jin kamar an sauke mini dutse daga ƙirji, girki nake yi ina 'yar waƙa, surukata tana kallona tana murmushi. Ga shi kuma kyautar ƙarshe da mijina ya saya mini, ni na sa aka shanya ta a rana kamar kuɓewa, ta sha damina, ta sha sanyi, ta sha zafin bazara.

Ga inda matsalar take. Tayoyin da ke jikin Goɗiya yanzu sun suɗe, sumul kamar tafin hannu. Sau uku cikin wata biyu suna kwantar da ni. Na biyun a tsakiyar daji ne, rana ta take, madarar jarka huɗu ta tsinke kafin in samu mai taimako. Yaya Jafaru ya zo ya zaunar da ni. Ba faɗa ya yi ba, mutumin kirki ne, kuma na ga tsoro a idonsa. Ya ce marayun nan sun rasa uba, ba zai zura ido su rasa uwa ba. Ya ce kafin ruwan farko ya sauka ko dai a sa wa motar ƙafafun da hankalinsa zai kwanta da su, ko ya nemo direba ya ba shi makulli ni in zauna a gida. Kuma in aka sa sababbi suka sake yashe ni a daji, magana ta ƙare. Zaɓi ɗaya ke gare ni, in na kuskure shi ke nan.

Kowa da tasa. Nagoggo ya ce a sauko da na kan rufi a ɗaura kawai, sabo sabo ne, ai ba su yi tafiyar ko taku ɗaya ba. Mati ya ce shi ba zai rantse a kansu ba, rana tana cin roba ko tana kwance. Wani mai shago a cikin gari ya ce in sayi irin mai laushin da Malam ya saba hawa, tunda motar ta saba da ita. Wata ƙawata kuma ta ce 'yan gwanjo sun fi sauƙi, mijinta su yake sawa. Ni kuwa zuciyata tana kan na Malam. Ina ganin in ban hau su ba kamar na mayar masa da kyautarsa ne.

Har yanzu ban gaya wa Yaya Jafaru labarin tayoyin kan rufi ba, kunya nake ji. Tayoyin kuma suna can inda suke, don ina tsoron a sauko da su a ce mini sun mutu. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Me zan yi?

Direban madara, daga Daura.

*

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata Direba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya sa aljanna ce makomarsa, Ya raya abin da ya bari. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na yi dariya a wurin Nagoggo, na share hawaye a wurin Mati. Kada ki ƙara jin kunyar abin da ya faru. Kin tsare rufin da ke kan 'ya'yanki da abin da hannunki ya kai gare shi, kuma rufin bai tashi ba.

Ni ba makanikiya ba ce, don haka na kai wasiƙarki wurin wani dattijo da ya shekara talatin yana harkar taya. Abin da zan faɗa miki nasa ne da nawa a haɗe.

Ki fara da Yaya Jafaru, yau ba gobe ba. Tayoyin nan ba su shiga rabon gado ba. Ko kyauta ce gare ki ko dukiyar magada ce, wannan magana ce ta malamai, kuma shi ne wakilin marayu, bai kamata ya ji a bakin wani ba. Ki sa Mati ya maimaita masa abin da Malam ya faɗa a Kano, kalma da kalma. Mutumin da ya ji ƙaninsa ya yi rabin yini yana zaɓar wa matarsa taya ba zai ƙara tambayar ko Malam ya yarda ki yi tuƙi ba. Kuma ki lura, shi da marigayin abu ɗaya suke tsoro, kada a yashe ki a daji. Sharaɗinsa ba ƙiyayya ba ce. Ki sa shi cikin zaɓen, yadda in an sa tayar zai ji da hannunsa a ciki.

Sannan a sauko da su. Tsoron jin labari ba ya canja labarin, kowace rana a kan kwanon nan ƙara cin su take. Nagoggo yana da gaskiya cewa zanensu bai taɓu ba, amma Mati ya fi shi gaskiya: roba tana tsufa ko ba ta yi tafiya ba, kuma kwano da rana tsaka kusan tanda ne. A wanke su, a duba su a fili da rana, Yaya Jafaru yana tsaye. A gefen kowace taya akwai lamba mai adadi huɗu a cikin ɗan zagaye: biyun farko makon da aka yi ta, biyun ƙarshe shekarar. In ta haura shekara biyar zuwa shida da yi, a haƙura da ita ko da tana sheƙi. In ba ta kai ba, a danna gefen da ya kalli rana da ƙarfi, a duba cikin zanen, a leƙa cikinta inda ruwa ya kwanta. Duk wadda ta nuna tsaga ko da siririya ce kamar gashi, ko ta bushe ta yi tauri, ko ta karkace, ba ta hawa motar da ke ɗauke da ke da jarkoki. Bayan Mati, a samu mutum na biyu ya duba, wanda ba shi da tayar da zai sayar miki. In biyu kawai suka tsira, a sa su tare a baya, a saya wa gaba sababbi irinsu. In an yi kokwanto a kan wata, kokwanton ya isa hukunci.

Zan faɗa miki gaskiya don kada ki sa rai da yawa: mai yiwuwa ba duka za su tsira ba, mai yiwuwa ma ba ko ɗaya. To ki saurare ni a nan. Abin da Malam ya bar miki bai ƙare a robar ba. Rabin yinin da ya yi a durƙushe yana karatu, sakamakonsa yana nan a rubuce a gefen tayoyin, kuma rana ba ta goge shi ba. Ki ɗauki biro da takarda ki kwafe duk abin da ke jiki: sunan tayar, girmanta, lambar nauyin da take ɗauka, da sauran alamomin. Ki kai takardar shagon da aka amince da shi ki ce irin wannan kike so, sabuwar yi. Kin ga kin hau zaɓinsa ke nan, ba ki mayar masa da komai ba.

In ba a samu irinta sak ba, ga abin da za ki riƙe. Mai laushin da ya saba hawa tana kama titi da kyau amma tana saurin cinyewa, ta dace da mai son tuƙi wanda ya iya canja taya da kansa, kuma shi da kansa ya ce a mayar da ita da ya tuna da ke. Mai tauri ƙwarai kuma tana daɗewa, amma tana iya zamewa in an yi ruwa, ga damina a bakin ƙofa. Ta tsakiya kike nema. Tayoyi da yawa suna da lambar da ke nuna jimirinsu, Mati zai nuna miki wurin: in ta tsaya wajen ɗari biyu, mai saurin ƙarewa ce, ki nemi ɗari huɗu zuwa sama. Kusa da ita akwai haruffan da ke nuna kama jiƙaƙƙen titi da jure zafi, ki nemi harafin A a duka biyun. Kada lambar nauyi ta gaza wadda Malam ya zaɓa, madara ba ta da sauƙi. 'Yan gwanjo kuwa ki bar wa mijin ƙawarki. Ba ki san inda suka kwana ba, ke da kika ga abin da kwana a wuri mara kyau yake jawowa.

Tayar kirki ma sai da kulawa. A auna iska da geji kowane mako, da safe kafin ki yi nisa, ba da bugun ƙafa ba. Ranar da aka sa su a daidaita ƙafafun motar, bayan 'yan watanni a riƙa musanya na gaba da na baya. Safaya, wato tayar ko-ta-kwana, ta zama lafiyayya. Kuma ki sa Mati ya koya miki kwance taya da ɗaurawa. Malam ya ce ba ki iya ba, ai a da ma ba ki iya tuƙi ba.

Allah Ya tsare ki a hanya, Ya sa albarka a madararki, Ya ba ki ƙafafun da za su kai ki su dawo da ke. Ki gaishe mini da Yelwa. Abu ɗaya ya rage wanda ba wanda ya ambata a cikin masu ba ki shawara: ranar da tayoyin suka sauko, babu abin da ke riƙe da kwanon ɗakinki, kuma har yau ba a kira kafinta ya buga masa ƙusa ba.

Anti Laraba